TAFIYA MABUƊIN ILMI: Sun Je Kallon Birnin Dodanni, Sun Tarar Da Ginin Ƙasa

A kowace shekara mutane masu yawa daga ƙasar nan su kan yi haramar tafiya Maroko domin ziyartar kabarin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin Fas cikin shekarar 1815. Galibinsu da zarar sun idar da ziyara sai su shiga kasuwa su sayi alkyabba da jallabiya da 'yan tsarabobi, su kamo hanyar gida, ba su ga kome na ƙasar ba face zawiyya da masauki da filin jirgin sama. A wannan mako za a ba da labarin wani dattijo ne da ƙafa ta kai shi gaba da nan, har ya tsallake duwatsun Atlas ya je kallon wani gari da samari ke yi wa laƙabi da birnin dodanni, ya komo da wata damuwa wadda ta shafi duk mai tsohon gida a ƙasar Hausa.

Dattijon nan tsohon soja ne. Da ya ajiye kaki sai ya zauna a Kurudu, ɗaya daga cikin garuruwan da ke jere a kan hanyar da ta taso daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta zarce Orozo har Karshi, inda tsofaffin sojoji da ma'aikata da yawa suka sami matsuguni saboda tsadar gidaje a tsakiyar Abuja. Amma asalinsa Bazazzagi ne, haifaffen cikin ganuwa, kuma jikan magina. Gidansu na gado yana nan a birnin Zariya, da zaurensa mai tulluwa da zankwaye wanda kakansa ya gina da hannunsa. Ana saura 'yan makonni ya tashi, ƙannensa suka aiko masa da cewa sun yi shawara a rushe zauren da soron da ke bayansa, a zuba shaguna na bulo a ba da haya, tun da yake kowace shekara sai an kashe kuɗin yaɓe, ga shi kuwa gidan ba ya kawo ko kwabo. Shi ne babba, amincewarsa kaɗai ake jira. Ya ce su dakata har ya komo, alhali kuwa a zuciyarsa ya riga ya yarda.

Wanda ya ɗauki nauyin tafiyar, ya kuma yi masa rakiya, ɗansa ne na fari, wanda saboda kunyar ɗan fari bai taɓa ambaton sunansa ba. Bayan sun kwana uku a Fas sai yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ina neman wata alfarma. Akwai wani gari a kudancin ƙasar nan inda aka ɗauki wani fim da duniya ta kalla. Tun da Allah ya kawo mu kusa, ina so a yi mini izini mu je mu gani."

Dattijo ya ce, "Kai, yanzu mu baro ziyarar waliyyi mu tafi kallon inda aka yi wasan kwaikwayo? Me ke can?"

Yaro ya ce, "Birnin bayi ne, Baba, wanda wata sarauniya mai dodanni ta ci da yaƙi."

Dattijo ya yi murmushi ya ce ashe tatsuniya za su bi da kuɗin mota. Amma da yake yaron bai roƙe shi kome ba tun da suka baro gida, sai ya ce to, su je.

BIRNIN YUNKAI

Fim ɗin da yaron ke nufi shi ne Game of Thrones, wasan talabijin mai dogon zango wanda kamfanin HBO na Amurka ya nuna daga 2011 zuwa 2019, kashi 73, an kuwa ɗauko shi ne daga littattafan marubucin nan George R. R. Martin. Labari ne na ƙage tsantsa, irin wanda Bahaushe ke ce wa ƙanzon kurege. Manyan gidajen sarauta ne ke ta gwabzawa a kan gado ɗaya, ga matsafa, ga matattu masu tashi su yi yaƙi, ga kuma dodanni uku masu fiffike da ke aman wuta. Akwai tsiraici da zubar da jini a cikinsa waɗanda ba su dace a kalla a tsakar gida ba, wannan fili kuwa ba tallansa yake yi wa kowa ba. Dalilin ambatonsa shi ne, a zangonsa na uku da aka nuna cikin 2013 an ga wani birni na masu cinikin bayi mai suna Yunkai, garin da aka ɗauka a matsayin Yunkai ɗin kuwa gari ne na gaske a ƙasar Maroko, sunansa Ait Bin Haddu.

Daga Fas suka shiga jirgin ƙasa, ya bi da su ta Rabat da Kasabalanka har Marrakesh. Kashegari da sassafe suka hau mota, ta kama wata hanya mai kwana-kwana tana hawan duwatsun Atlas har mashigin Tishka, wanda tsayinsa ya kai mita 2,260, inda ƙanƙara kan toshe hanya wani lokaci da hunturu. Da aka gangara ɗaya gefen sai ƙasa ta sake kama, itatuwa suka yi ƙaranci, aka shiga faƙo da jan dutse, sai 'yan kwaruruka masu ɗan kore nan da can. Kafin a isa birnin Warzazat aka ratse hagu, ba a jima ba sai ga garin ya bayyana a jikin wani tudu a hayin rafi, gidaje kan gidaje, duk launinsu ɗaya da tudun da suka hau.

Yaro ya zaro wayarsa yana neman daidai inda sarauniyar fim ta tsaya da rundunarta. Shi kuwa dattijo ya yi tsaye bai ce uffan ba har suka haye gada suka isa gindin bango na farko. Ya sa hannu ya shafa, ya ɗan ƙwaƙule da farce, sai ga ramno, watau ciyawar nan da ake cuɗawa da ƙasar gini. Ya waiwaya ya ce, "Kai, ashe ginin ƙasa ka kawo ni kallo? Wannan ai aikin kakanka ne."

Ba shakka bai yi kuskure ba. Bambancin kaɗan ne. Maginan can su kan kafa allunan katako biyu, su zuba ƙasa mai danshi a tsakani, su kirɓa ta har ta kama, sa'an nan su ɗaga allunan su ci gaba. Sai an kai sama ake sa bulon ƙasa busasshe, a fitar da zane da shi. Maginin Hausa kuwa tubali yake curawa mai faɗin gindi da tsinin kai, ya shanya, ya jera, ya bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In ban da wannan, sauran duk sananne ne ga jikan magina. Rufin itace ne da kara aka danne da ƙasa, kamar yadda ake yi da azara. Ga indararo yana leƙowa daga saman bango. Ga 'yan ƙahonni a kusurwoyin benaye sai ka ce zankwaye. Ga lunguna masu sanyi da rana tsaka, ga kuma babban rumbu na gari a can ƙololuwar tudu, inda a da ake ajiye hatsi saboda yaƙi da fari.

HANYAR AYARI

Da ɗan Larabcin da dattijon ya tsinta a makarantar zaure suka fahimci bayanin ɗan jagoransu, wanda mutumin garin ne. Ait Bin Haddu zango ne na fatake a kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Marrakesh da Sahara. An daɗe da zama a wurin, ko da yake gine-ginen da ke tsaye yau ba su wuce ƙarni na 17 ba. Ayarin da ke bi ta nan na wajen Tambutu ne, su kuwa fataken Kano ta Agadas da Gat da Gadamas su kan bi zuwa Tarabulus, amma hajar kusan iri ɗaya ce: gishiri da zinariya da tufafi da fatu. Jar fatar akuyar Sakkwato da majeman ƙasar Hausa suka jeme, ta irin waɗannan hanyoyi ta isa Turai, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin daga hannun mutanen arewacin Afirka suka saye ta. Har wa yau ta hanyoyin nan aka kora bayi na gaske, 'ya'yan mutane, waɗanda babu wata sarauniya mai dodo da ta zo ta 'yanta su. Wanda ya karanta Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san wannan labari ta bakin waɗanda abin ya faɗa wa.

Da ayari ya ƙare sai garin ya fara mutuwa. Yawancin mutanensa suka ƙaura hayin rafi suka gina sabon gari kusa da hanyar mota, aka bar gidaje ƙalilan a cikin tsohon. Abu biyu suka cece shi. Na farko masu silima, waɗanda suka gano shi tun zamanin fim ɗin Lawrence of Arabia na 1962, suka yi ta komowa: The Jewel of the Nile a 1985, The Mummy a 1999, Gladiator a 2000, Kingdom of Heaven a 2005, da wasu da dama. Na biyu Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Tun daga nan hukuma ke sa ido a kan gyaransa, a tabbatar da ƙasa da itace aka yi, kada siminti ya ɓata shi. Yau garin na ci da baƙi. Wani jagora ne, wani mai masauki, wani mai sayar da darduma, da yawansu kuma sun taɓa fitowa a fim a cikin taron jama'a, suna ajiye da hotunan suna nuna wa baƙi.

Shi dai yaro murnarsa ta ɗan ragu, domin bai tarar da rabin abin da ya gani a talabijin ba. Dogayen gine-gine da gumakan da suka ƙawata Yunkai da kwamfuta aka ƙara su, dodanni kuwa daman ba su taɓa taka ƙasar Maroko ba. Filin dagar da aka gina a gindin tudu saboda Gladiator an rushe shi bayan an gama aiki, sai fili fetal da ɗan jagora ke nunawa da yatsa. Abin da ya rage a tsaye shi ne abin da ke nan tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto.

FANKAN FAYAU

Kashegari suka ƙarasa Warzazat, tafiyar kilomita 30, suka biya kuɗin shiga sansanin ɗaukar fim na Atlas, wanda wani ɗan kasuwar Maroko, Muhammad Belghmi, ya kafa a 1983. A nan ne mutum zai ga fadar Fir'auna da ginshiƙanta, ya ɗan taka kaɗan ya ga gidan ibadar mutanen Tibet da aka gina saboda fim ɗin Kundun na 1997, ya juya ya ga lungunan wani tsohon birni na gabas. Dattijo ya tsaya gaban wani ginshiƙi da ya yi kama da dutsen da ƙarti ɗari ba za su ɗaga ba, ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, sai ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya zagaya baya, ya tarar da falanki da farar ƙasa da soso, an tokare da katako. Ya ce, "Fankan fayau ke nan. Wannan ko damina ɗaya ba zai kai ba a Zariya."

A cikin motar komowa ne ya yi ta juya abin a ransa. Mutanen da ke da kuɗin da za su gina fadar Fir'auna cikin 'yan makonni, su kuma zana dodo ya tashi sama, me ya sa fiye da shekara hamsin suna ɗaukar kayansu zuwa wani ƙauyen ƙasa a bakin hamada? Amsar ita ce akwai abin da kuɗi ba ya ginawa cikin gaggawa. Bangon da hannuwa suka yi ta shafa shekara ɗari uku, da lungun da sawu ya goge, ba a yin su da falanki. Garin ne ya jawo fim, fim kuma ya jawo baƙi, da a ce mutanen Ait Bin Haddu sun rushe gidajen kakanninsu sun zuba shaguna tun 1960, da babu wanda zai ratse hanya dominsu.

Masu karatu za su so sanin cewa akwai inda aka bi ta ɗaya hanyar, watau aka mai da ginin wasa ya zama na dindindin. A ƙasar Niyu Zilan, kusa da garin Matamata, akwai gonar tumaki ta iyalin Alexander, wadda mai shirya fim Peter Jackson ya hango daga sama a 1998 yana neman inda zai kafa ƙauyen wasu gajerun mutane na ƙage saboda The Lord of the Rings. A 1999 aka fara aiki, har sojojin ƙasar suka taimaka da fasa hanya. Da aka gama ɗauka aka fara kwashe kayan, amma baƙi suka riƙa zuwa kallon ragowar, aka soma kai su da jagora a 2002. Da aka tashi yin The Hobbit sai aka sake gina ƙauyen da kayan ƙwarai, gidaje 44 a jikin tudu masu zagayayyun ƙofofi, yawancinsu fuska ce kawai babu ɗaki a ciki, akwai ma wata bishiya a kan tudun wadda ganyenta ba na gaske ba ne. Duk da haka kafin annobar korona baƙin da ke zuwa Hobbiton, kamar yadda ake kiran wurin, sun haura rabin miliyan a shekara. Mutanen can ba su gaji birni mai ganuwa ba, sai suka ƙagi ƙauye, suka sa ma'aikata suna share shi suna ban ruwa kullum safiya. Sirrin a wuraren biyu ɗaya ne, watau kulawa.

NA GIDA FA?

To, ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su rasa irin wannan dukiya ba. Tsohon birnin Agadas, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin UNESCO a 2013, kuma tun kafin nan Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa The Sheltering Sky na 1990 a can, har gidan da aka yi amfani da shi ya zama wurin kai baƙi. Sai dai Agadas ta koyar da wani darasi mai ɗaci, domin tun da tawaye ya sake ɓarkewa a arewacin Nijar a 2007 masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Baƙo ba ya zuwa inda ba zai yi barci da ido biyu rufe ba.

A Nijeriya akwai ganuwar Kano wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen farkon ƙarni na 12, da Gidan Rumfa, da Gidan Makama, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da rijiyar Kusugu a Daura, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda har yau masana gini na duniya ke rubutu a kan bakan gizonsa. Amma zuwa 2024 Maroko na da wurare tara a jerin UNESCO, Nijeriya kuwa biyu ne tak, Sukur a Jihar Adamawa tun 1999 da kurmin Osun na Osogbo tun 2005. An gabatar da ganuwar Kano cikin jerin masu jiran gado tun 2007, ga shi kuwa kowa na ganin yadda ake cin ta da gine-gine, ana ɗibar ƙasarta, ana zuba mata shara. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa a madadinta. A Jos ma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci magina suka kwaikwayi masallacin Zariya da sashen ganuwar Kano da ƙasa zalla, wuri ne da mai shirya fim zai yi murna da shi, amma ruwan sama da rashin kulawa sun yi masa illa ƙwarai.

Ba labarun da za a ɗauka aka rasa ba. Ganɗoki na Bello Kagara ya yi yaƙi har ƙasar aljannu, Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya sha yawon duniya, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga labarin Bayajida da macijiyar Kusugu. Kowannensu na bukatar ganuwa da zaure da soro, in kuwa aka rushe na gaske, wata rana sai an kashe miliyoyi a gina na falanki. Tun a 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim, shi ma ya yi shekaru a ɓace kafin a gano shi a gyara, a nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. A ƙasar Yarbawa kuwa Kunle Afolayan ya gina ƙauye sukutum a Igbojaye ta Jihar Oyo saboda fim ɗinsa na almara Anikulapo na 2022, bai rushe ba, ya mai da shi wurin saukar baƙi.

Za a tuna cewa a 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina ƙauyen fim na Naira biliyan uku a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Jihar Kano, malamai da jama'a da dama suka nuna rashin amincewa saboda tsoron lalacewar tarbiyya, gwamnati ta janye. Kowane ɓangare na da hujjarsa, ba kuwa wannan muhawara ake son tayarwa a nan ba. Abin lura shi ne, adana tsohon gini bai rataya a kan fim ba. Ko ba a taɓa ɗaukar hoto ɗaya a zauren kakan mutum ba, zauren shaida ne na cewa mutanen nan sun iya lissafin nauyi da sanyi da haske tun ba a kawo siminti ba. A Jenne ta ƙasar Mali kowace shekara gari kan fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa a yaɓe babban masallaci cikin yini guda, ba don masu silima ba. Haka a da ake gyaran ganuwar biranen Hausa da aikin gayya bayan damina, kowace unguwa da rabonta.

Adalci ne kuma a saurari ƙannen dattijon, domin ba mugunta ta sa su ba. Ruwan da ke sauka a Zariya a damina ɗaya ya ninka na Warzazat sau da yawa, ginin ƙasar da aka yi sakaci da shi kuwa ya kan rufta wa mutane, an sha asarar rayuka ta haka. Giginyar da ake tsaga azara ta yi wuya. Maginan da suka san haɗin makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso daga katsin marina, suna ta ƙarewa, 'ya'yansu sun koma birkila. Ba daidai ba ne a ce talaka shi kaɗai zai ɗauki nauyin tarihin al'umma. Wannan aiki ne na majalisun sarakuna, waɗanda har yanzu suna da Sarkin Magina, su rubuta tsofaffin gidajen da suka cancanta, da gwamnatocin jihohi da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa su tallafa wa masu su da kuɗin yaɓe, a kuma sa yara koyon sana'ar a makarantun fasaha tun gwanayen na da rai. Masu fim na Kano su ma da za su riƙa biyan haya su yi aiki a irin waɗannan gidaje, maimakon kullum falon attajiri mai kujerun ƙasar waje, da sun taimaki kansu sun taimaki masu gida.

KOMOWA KURUDU

Da dattijon ya komo Kurudu sai ya ga garin da wani ido. Kafin dokar 1976 da ta kafa sabon babban birni, da ƙaurar gwamnati daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991, wannan yanki ƙauyuka ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da maƙwabtansu, masu zagayayyun ɗakuna da rumbunan ƙasa da manyan tukwane. Yau rukunin gidajen bulo da kwano sun mamaye gonaki har gindin duwatsu. Yaron da aka haifa a nan zai girma yana riƙe da takardar Naira ashirin mai hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, bai taɓa ganin an gina tukunyar ba, alhali a Ushafa, cikin wannan yanki na Abuja, aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton a 2000, ya ga aikin masu tukwane. Ba wanda zai ce kada a gina wa mutane muhalli. Amma da an keɓe ko da gida ɗaya na asali a kowane tsohon ƙauye, da rumbunsa da murhunsa, aka damƙa wa masu shi amanar kula da shi, da 'yan makaranta sun sami inda za a kai su, da su ma 'yan asalin wurin sun sami abin nuna wa jikoki.

Daren da ya iso ya kira babban ƙanensa ta waya ya ce a dakatar da maganar rushe zaure, za a zauna bayan Salla a duba ko shagunan za su yiwu ta gefen gidan, inda katanga ta riga ta zube. Ƙanen ya ce, "Yaya, mun ji, amma wa zai riƙa biyan kuɗin yaɓe?" Ya ce na bana dai shi zai biya daga fanshonsa, yaron nan kuma ya ɗauki na baɗi. Sai da aka yi mako uku ana cigiya kafin a sami maginin da ya iya makuba, shi ma tsoho ne, ba ya iya hawa tsani, sai dai ya zauna a inuwa yana nuna wa leburori da sanda.

Har yanzu ba a yanke magana ba, ƙannen na nan a kan ra'ayinsu, haya kuwa abin so ce a wannan zamani na tsadar rayuwa. Amma dai zauren ya ga wata damina. Masu tsofaffin gidaje a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, da masu riƙe da amanar ganuwa da ƙofofi, ya kamata su auna tun katafila ba ta iso ba, gama ana gina shago a wata uku, zauren Babban Gwani kuwa in ya faɗi babu mai tashe shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa a gane. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.